DAGA YAMAI ZUWA JIDDA: KILOMITA NAWA, AWA NAWA?

Kowace shekara, idan lokacin aikin hajji ya matso, maniyyata na Dakwaro da ƙauyukanta suna ɗaure kaya su nufi Yamai. Daga can ne jirgin sama ke ɗaukar yawancin alhazan Nijar zuwa ƙasar Saudiyya. Mutanen gida kuwa sai su yi ta tambayar juna. Makka nisanta nawa? Awa nawa ake yi a sama? Don me alhaji zai bugo waya ya ce sun yi magariba, alhali nan yanzu aka gama la'asar?

Wannan darasi zai amsa waɗannan tambayoyi. Ba a bukatar komai sai karatu da ɗan lissafi: tarawa, ɗebewa da rabawa. Abin ba na wasa ba ne. Mutum yakan yi shekaru yana tara kuɗin kujera. Wani ya sayar da shanu, wani ya sayar da wake da gero. Jirgin sama kuwa ba motar kasuwa ba ce da za ta tsaya jiran fasinja. Wanda bai gane rana da lokacin da aka rubuta masa ba, yana iya zuwa ya tarar an tashi.

NISA NAWA NE?

Ana auna nisa da kilomita. Kilomita 1 mita 1000 ce. Mutum mai lafiya, idan yana tafiya daidai, yakan yi kilomita 4 ko 5 cikin awa 1.

Daga Dakwaro zuwa Maraɗi kamar kilomita 120 ne.
Daga Maraɗi zuwa Yamai kamar kilomita 660 ne.
Daga Yamai zuwa Jidda, idan aka miƙe sak ta sama, kamar kilomita 4000 ne.
Daga Yamai zuwa Madina kamar kilomita 4100 ne.

Jidda babban gari ne a bakin Bahar Maliya. Can ne akwai filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, wanda aka buɗe a 1981, da babban masauki na alhazai mai rufi irin na tanti. Makka ba ta da filin jirgin fasinja. Daga garin Jidda zuwa Makka kamar kilomita 80 ne, a mota ake ƙarasawa. Wasu jiragen alhazai kuma Madina suke fara sauka.

Kilomita 4000 abu ne mai wuyar kwatantawa a zuci. To, sai a auna shi da hanyar da aka sani. A raba 4000 da 120. Za a samu 33 da ɗan saura. Ke nan nisan Yamai zuwa Jidda ya yi daidai da hanyar Dakwaro zuwa Maraɗi sau 33.

YADDA AKE SAMUN LOKACIN TAFIYA

Nisa daban, lokaci daban. Abin da ke haɗa su shi ne gudu. Ga ƙa'idar, ta cancanci a rubuta ta a allo:

LOKACI = NISA A RABA DA GUDU

Babban jirgin fasinja yana hawa sama har kilomita 10 zuwa 12. Idan ya daidaita, yana gudun kilomita 850 zuwa 900 cikin awa 1. Amma ba ya yin wannan gudu tun daga farko har ƙarshe. Wajen tashi yana hawa a hankali, wajen sauka kuma yana rage gudu. Saboda haka, don lissafi ya zo daidai, sai a ɗauka yana yin kilomita 800 cikin awa 1.

4000 ÷ 800 = 5

Ke nan tafiyar Yamai zuwa Jidda kamar awa 5 ce a sama, idan jirgi ya miƙe bai tsaya ko'ina ba. Sau da yawa takan ɗara haka da rabin awa. Zuwa Madina ma kusan haka ne, don ƙarin kilomita 100 bai kai minti 10 ba wajen jirgi.

A irin wannan gudu, jirgi yana cin kilomita 13 cikin minti 1. Hanyar Dakwaro zuwa Maraɗi, minti 9 za ta ɗauke shi. Kafin a haɗa gawayi a dafa shayin farko, ya riga ya wuce.

GAJERAR HANYA TA FI CIN LOKACI

Yanzu a yi ma mota irin wannan lissafi. Maniyyacin da ya taso daga Dakwaro ya shiga Maraɗi, sa'an nan ya kama babbar hanya ta Gidan Rumji, Madawa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, ga abin da zai yi:

120 + 660 = 780

Mota tana tsayawa a tasha, tana tsayawa salla da cin abinci da wurin bincike. Idan aka haɗa duka, a ce tana yin kilomita 60 cikin awa 1.

780 ÷ 60 = 13

Awa 13 a ƙasa don kilomita 780. Awa 5 a sama don kilomita 4000. Hanyar da ta fi gajarta ita ta fi cin lokaci, kuma ita ta fi gajiyar da jiki. Dattijo ko tsohuwa da za su hajji, tafiyar Yamai ce ya kamata a fi shirya masu: ruwan sha, guzuri, da isa da wuri don a huta kafin ranar tashi.

Ga wani abin mamaki kuma. Yamai tana yamma da Dakwaro, Makka kuwa tana gabas. Maniyyaci yana ba alƙibla baya ya yi yini guda yana tafiya yamma, sa'an nan jirgi ya komo da shi gabas. Idan aka ja zare sak a taswira daga Yamai zuwa Jidda, zaren zai bi ta ɗan arewa da garin Dakwaro, ya ratsa gabashin Nijar, ya shiga Cadi, ya shiga Sudan, ya haye Bahar Maliya. Daga Dakwaro kanta zuwa Jidda kamar kilomita 3500 ne. Jirgin da ya bi wannan layi, minti 40 bayan tashinsa yana bisa ƙasar su alhaji.

YADDA MUTANEN DA SUKA YI TA

Kafin jirgin sama, a ƙasa ake zuwa Makka, da ƙafa ko bisa jaki ko raƙumi. Ƙa'idar lissafi ba ta sake ba. A ce raƙumi yana yin kilomita 35 a yini.

3500 ÷ 35 = 100

Kwana 100 ke nan, in da hanya a miƙe take, babu hutu, babu ciwo, babu teku. Amma ba haka take ba. Alhazan ƙasar Hausa suna bi ta Damagaram ko Kano, su wuce Barno, su shiga Wadai da Darfur, su kai Hartum, daga nan sai Sawakin a bakin Bahar Maliya. A can suke shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Idan guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago, a tara na gaba. Da yawa sun yi aiki a gonakin auduga na Jazira a Sudan. Saboda haka tafiyar takan ɗauki shekaru. Wanda zai tafi yakan raba gado a bakinsa, ya nemi gafarar kowa, don ba a da tabbacin komowa.

Wasu ma ba su komo ba, sun zauna a hanya. Bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru da suka ci gaba zuwa gabas sun zauna a Sudan tare da ɗansa Mai Wurno. Garin da suka kafa har yau sunansa Mai Wurno, kuma ana jin Hausa da Fulatanci a cikinsa.

A 1925 ne jiragen sama suka fara sauka Kano, sun taso daga ƙasar Masar. A 1961 Nijar da wasu ƙasashen Afirka suka haɗa kai suka kafa kamfanin Air Afrique, wanda ya daɗe yana jigilar fasinja da alhazai kafin ya rushe a 2002. Nisan Makka bai ragu ko da taki ɗaya ba. Gudu ne ya ƙaru, sai tafiyar shekaru ta koma ta awowi.

ABIN DA KE ƘARA MA TAFIYA TSAWO

Awa 5 lissafin allo ne. Akwai abubuwa huɗu da ke iya ƙara masa.

Na farko, iska. Can sama akwai iska mai ƙarfi ƙwarai. Idan ta biyo jirgi ta baya, tana tura shi ya isa da wuri. Idan ta tare shi ta gaba, tana rage masa gudu. Shi ya sa zuwa da komowa ba su cika zama daidai ba.

Na biyu, hanyoyin sama. Jirgi ba ya bin inda ya ga dama. Sama ma tana da burtalinta, kamar yadda makiyayi ke da nasa tsakanin gonaki. Akwai ma'aikata a ƙasa masu magana da matuƙi ta rediyo, suna nuna masa inda zai bi da tsawon da zai hau. A Nijar da ƙasashe da dama na Afirka, hukumar ASECNA ce ke wannan aiki. An kafa ta a 1959, kuma tana da makarantar horon ma'aikata a Yamai.

Na uku, rufe sama. Kowace ƙasa tana da iko da samanta. A watan Afrilu na 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyar ƙasar. A hajjin wannan shekara, jiragen alhazan Afirka ta Yamma sai da suka yi zagaye. Zagaye ƙarin kilomita ne, ƙarin kilomita kuwa ƙarin lokaci ne da ƙarin mai. A gudun kilomita 800, kowane ƙarin kilomita 400 rabin awa ne.

Na huɗu, yada zango. Ba kowane jirgi ke miƙewa ba. Masu zuwa umara da fatake sukan bi ta wata ƙasa, misali ta Addis Ababa a Habasha. Yamai zuwa Addis Ababa kamar kilomita 4000 ne, daga can zuwa Jidda kamar 1400. Jimla 5400, wato kusan awa 7 a sama. Sai a ƙara zaman jiran jirgi na biyu, wanda kan iya kai awowi da yawa. Mai sayen tikiti ya tambaya tun farko: jirgin nan miƙewa zai yi, ko zai tsaya a hanya? Matambayi ba ya ɓata.

AGOGON YAMAI DA AGOGON JIDDA

Duniya a mulmule take kamar lemo. Tana juyawa daga yamma zuwa gabas, zagaye ɗaya cikin awa 24. Saboda haka mutanen gabas suke riga na yamma ganin rana. Mai azumi ya san wannan. Mutanen Dakwaro suna shan ruwa kafin na Yamai da kusan minti 20. Mutanen Difa suna riga na Yamai da kamar minti 40. Duk da haka Nijar agogo ɗaya take bi, don aiki ya tafi daidai.

Idan nisan gabas da yamma ya yi yawa, agogo ɗaya ba ya isa. Nijar da Nijeriya da Cadi agogonsu ɗaya. Sudan tana gaba da awa 1. Saudiyya tana gaba da awa 2. Ƙarfe 12 na rana a Dakwaro, ƙarfe 2 na rana ne a Makka da Madina da Jidda.

Ga misali. Jirgi ya tashi Yamai da ƙarfe 10 na dare. Ya yi awa 5 a sama. Agogon hannun alhaji zai nuna ƙarfe 3 na dare. Agogon bangon filin jirgi na Jidda zai nuna ƙarfe 5 na asuba. Babu agogon da ya lalace. Sai alhaji ya tura nasa gaba da awa 2.

A takardar tafiya, lokacin tashi da agogon garin tashi ake rubuta shi, lokacin sauka kuma da agogon garin sauka. Wanda ya ga ƙarfe 10 na dare da ƙarfe 5 na asuba zai ce awa 7 ce. A'a. Sai ya ɗebe 2, saura 5.

Wajen komowa abin juyawa yake. Jirgi ya tashi Jidda da ƙarfe 2 na rana. Bayan awa 5, a Jidda ƙarfe 7 ne, a Yamai kuwa ƙarfe 5 na yamma. A takarda sai a ga kamar awa 3 ce. A ƙara 2, ta zama 5. Masu zuwa tarbar alhaji, da agogon Nijar za su yi aiki.

Ƙa'ida: zuwa gabas a ƙara ma agogo 2, komowa yamma a rage masa 2.

YADDA AKE KARANTA LOKACI A TIKITI

Ma'aikatan jirgi ba su rubuta "na safe" ko "na dare". Suna ƙirga awa daga 0 zuwa 24. Idan lamba ta wuce 12, sai a ɗebe 12.

06h00 ƙarfe 6 na safe ne.
14h00 ƙarfe 2 na rana ne.
18h30 ƙarfe 6 da rabi na yamma ne.
22h00 ƙarfe 10 na dare ne.
00h30 ƙarfe 12 da rabi na tsakar dare ne.

A nan ne akwai babban tarko. A al'adar Hausa, dare shi ke riga rana. Idan rana ta faɗi ran Alhamis, an shiga daren Juma'a. A takardar jirgi kuwa, sabuwar rana da ƙarfe 12 na dare take somawa.

Idan aka rubuta Juma'a 01h00, to daren Juma'a ne, wato daren da za a wayi gari Juma'a. Ran Alhamis da dare ya kamata maniyyaci ya kasance a filin jirgi. Wanda ya bari sai ya yi sallar Juma'a sa'an nan ya zo, jirgi ya daɗe da sauka Jidda.

Idan kuwa aka rubuta Juma'a 22h00, to bayan sallar isha'i ta ran Juma'a ne, abin da mutane ke ce ma daren Asabar.

Lamba kaɗan ce ta raba waɗannan biyu, amma tsakaninsu awa 21 ce. Shi ya sa ake so maniyyaci ya karanta da idonsa, ko ya ba wanda ya iya ya karanta masa sau biyu. Shirin hajji a Nijar yana hannun hukumar aikin hajji da umara, wadda ake kira COHO, tare da kamfanonin jigilar alhazai. Lokacin da suka ce a hallara, shi za a bi. Yakan riga lokacin tashi da awowi, don awon kaya da binciken fasfo da katin allurar rigakafi. Zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri.

INDA WANNAN LISSAFI KE DA AMFANI

Magani. Mai ciwon suga ko hawan jini da ke shan magani a kan lokaci, ya gaya ma likita zancen awa 2 ɗin nan kafin ya tafi. Jiki ba ya bin agogon bango, tazarar awowi yake bi. Maganin kuma ya zauna a ƙaramar jakar hannu, kada ya shiga babban kaya.

Salla. Mai tafiya gabas yana tarbar rana ne, darensa gajere ne. Asuba za ta riske shi da wuri fiye da yadda ya saba. Da an sauka, lokacin garin da aka sauka ake bi.

Harama. Wanda jirginsa zai sauka Madina, sai zai fita zuwa Makka ne yake ɗaura harama a Zulhulaifa, wato Abyar Ali. Tsakanin Madina da Makka kamar kilomita 450 ne. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka, ya tambayi malaman ayarinsu tun a Yamai inda zai ɗaura da inda zai yi niyya. Tufafin harama su zauna kusa da shi. Jirgin da ke cin kilomita 13 a minti 1 ba ya ba mutum damar neman kaya.

Waya. Alhajin da ya bugo gida da ƙarfe 6 na safe a Makka, ƙarfe 4 na dare ya tada iyalinsa a Dakwaro. Ɗan da ya bugo ma mahaifiyarsa da ƙarfe 10 na dare daga Dakwaro, ƙarfe 12 ne a wurinta.

TAMBAYOYI

1. Daga Kano zuwa Jidda kamar kilomita 3400 ne. Idan jirgi yana yin 850 cikin awa 1, awa nawa zai yi?
2. Mota tana yin kilomita 60 cikin awa 1. Awa nawa za ta yi daga Dakwaro zuwa Maraɗi?
3. Ƙarfe 4 na yamma ne a Madina. Ƙarfe nawa ne a Dakwaro?
4. Jirgi ya tashi Yamai da 08h00, ya yi awa 5 da rabi a sama. Ƙarfe nawa ne a Jidda sa'ad da ya sauka?
5. An rubuta a tikiti: Litinin 02h00. Wace rana ya kamata maniyyaci ya je filin jirgi?

AMSOSHI

1. Awa 4.
2. Awa 2.
3. Ƙarfe 2 na rana.
4. Ƙarfe 3 da rabi na yamma, wato 15h30.
5. Ran Lahadi da dare.

Malamin yaƙi da jahilci ya rubuta ƙa'idodin nan biyu a allo, ɗalibai su kwafa cikin littattafansu. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba, tun ba maƙwabcin da ya biya kuɗin kujera ba. Allah ya kai alhazai lafiya, ya komo da su lafiya.